Lambar Tuwon Maman Deborah

Lydia ba ta taɓa yin tafiya haka kawai ba a rayuwarta. Tun tana yarinya a ƙauyensu da ke bayan Kusasu, duk inda ƙafarta ta nufa, to akwai abin da za ta kai ko abin da za ta ɗauko, itace ko ruwa ko abincin masu noma. Shi ya sa ranar da 'yarta Deborah ta ce ta riƙa fita kowace safiya tana tafiya don lafiyar jiki, sai ta tambaye ta, kuma da gaske take tambayar, "In je ina? In ɗauko me?"

"Ba inda za ki, Mama. Ki je ki dawo kawai."

"To wannan ai aikin masu taɓin hankali ne."

Deborah ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ta saba da tsofaffi masu taurin kai. Hannun uwar ta kama, ta ɗaura mata wani baƙin agogo mai ɗan koren haske a ƙarƙashinsa. Ta ce hasken yana leƙen jijiya ne yana jin bugun zuciya, idan an gama tafiya kuma agogon zai nuna wata lamba da ake kira kalori, wato yawan abincin da jiki ya ƙona. Lydia ta juya kalmar a baki, ba ta yi mata daɗi ba. Tun daga ranar ta raɗa mata lambar tuwo.

Abin da ya kawo maganar agogo kuwa gona ce. A shekarun da 'yan bindiga suka watsa ƙauyuka, Lydia da mijinta Maikuɗi da ƙafa suka shigo Birnin Gwari. Mutane na ɗauke da yara da tabarmi, ita kuwa ƙwaryar irin doya ce a kafaɗarta, don 'yar Gbagyi ce, kuma a wurinsu kai ba wurin ɗora kaya ba ne. Wata bazawara mai sayar da waina a unguwar Magajin Gari, Saude, ta ba su ɗaki a gidanta. Maikuɗi bai jure zaman gari ba, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu bai sake ganin gonarsa ba. Lydia ta zauna, ƙiba ta zo, ciwon suga ya biyo baya. Amma duk shekara sai ta cika buhuna da ƙasa a bayan ɗakinta ta dasa doyar nan, ba don a ci ba, don kada irin ya mutu.

Da abubuwa suka lafa, mutane suka fara leƙa gonakinsu, sai Lydia ta ce bana a ƙasar Maikuɗi za ta dasa doyarta. Babban ɗanta Japheth, mai walda a Kaduna, ya ce a'a. Ya ce Mama ba ta da ƙarfin da, gara a ba Bature ɗan ƙanin babansu aron gonar. Lydia ba ta ƙin Bature, yaron kirki ne, amma ta san halin gonar aro. Mutum zai noma ta bana, ya noma ta baɗi, kafin ka farga an fara kiranta da sunansa.

Deborah ce ta shiga tsakani. Ta ce a ba Mama daga nan zuwa faɗuwar ruwan farko, ta yi ta motsa jiki, in ƙarfinta ya dawo a bar ta ta koma. Japheth ya yarda. Lydia kuma ta fahimci zancen yadda ta ga dama, wato agogo ne alƙali, in lambar tuwo ta yi sama gona tata ce.

Washegari ta fito, amma kunya ta hana ta tafiya hannu rabbana kamar wadda ta ɓata. Ta koma ɗaki ta ɗauko ƙwarya, babu komai a ciki, ta ɗora a kafaɗa, don duk wanda ya gan ta ya ɗauka aike take zuwa. Saude na bakin tanda tana zuba ƙullu, ta bi ta da kallo.

"Maman Deborah, me za a sayo mana da wannan babbar ƙwarya?"

"Lafiya zan sayo, Yaya Saude. In na samu da yawa zan ɗan sammiki."

Kwanakin farko ta cikin gari ta bi, ta wajen kasuwa. Ta sha gaisuwa, ta sha ƙura, ta dawo ta duba agogo, lambar ba ta taka kara ta karya ba. Ranta ya ɓaci. Rannan sai ta juya ta ɗauki hanyar da ta fita gari ta nufi daji, hanyar da suka shigo ta ita a wancan lokaci, wadda tun daga ranar ba ta ƙara takawa ba. A ƙarshen gidaje akwai wata ƙaramar gada, daga bayanta itatuwa ke fara haɗa kai. Tun kafin ta isa gadar bakinta ya bushe. Zuciyarta ta shiga dukan ƙirji, gumi ya jiƙa mata zane, ga shi rana ba ta ko ɗaga ba. Ta taɓa ƙarfen gadar da hannu, ta juyo da sauri ba ta waiwaya ba.

Da ta iso gida ta duba agogo, sai ta ga lambar ta kusa ninka ta jiya.

Ranar har waina ta saya wa yaran maƙwabta. Da yamma ta kira Deborah ta karanta mata lambar a hankali, yadda ake karanta sunan wanda ya zo na ɗaya a makaranta. Deborah ta yi murna, ba ta tambayi wace hanya aka bi ba. Lydia kuma ta yanke wa kanta hukunci cewa hanyar daji ta fi ta kasuwa cin tuwo, wataƙila saboda iskar can ta fi nauyi. Ba ta kira abin da take ji a bakin gada da sunansa ba. Mace ce da ta haifi 'ya'yanta ba ta yi kuka ba, ba ta ga dalilin da za ta ce tana tsoron gada ba.

Haka ta ci gaba kowace safiya, ƙwarya a kafaɗar dama, tana bin gefen titi inda ƙasa ta gangara zuwa lambatu, don masu babur ba su san girman kowa ba. A hankali hanyar ta fara cika. Masu gawayi suka fara fitowa daga daji da buhuna a bayan keke. Wata Bafulatana mai tallan nono ta riƙa haɗuwa da ita daidai gadar, tun suna ɗaga wa juna hannu har suka kai ga tambayar yara. Wata safiya Lydia ta tsinci kanta zaune a kan gadar tana fifita da gefen zane, tana kallon kanya da ɗorawa a tsallake, tana lissafin wace ce za ta riga nuna. Daga baya ma ta fara ƙetare gadar ta ɗan shiga ciki kafin ta juyo.

Jikinta ya yi sauƙi, zanenta ya fara yi mata yawa, a zumuntar mata ta coci ana ta ce mata ta koma yarinya. Sai dai lambar tuwo ta fara sauka. Hanya ita ce dai, har ma an ƙara mata tsawo, amma agogo kullum sai ya rage mata wani abu. Ta girgiza shi, ta goge shi da yawu, ta kai shi wurin mai cajin waya ya ce lafiyarsa ƙalau. Hankalinta ya tashi ƙwarai. In lambar ƙarfi ce take nunawa, to ƙarfinta tafiya yake yi, kuma gajimare ya fara taruwa ta gabas.

Ƙarya ba ta cikin halinta, ba za ta karanta wa Deborah lambar da ba ita ba. Sai ta daina kiran yamma, ta ce katin waya ne ya ƙare, wanda shi ma gaskiya ne tunda ta ƙi sayen wani. Sa'an nan ta yi abin da hankalinta ya ba ta. Jikin da ya saba kaya ba zai ƙona tuwo da ƙwarya wofi ba. Ta ɗauki ɗan dutsen niƙan Saude ta saka a ƙwaryar, ta rufe da tsumma. Lambar ta ɗan ɗaga, amma ba ta kai ta da ba. Sai ta ƙara da sassarfa, gudu-gudu sauri-sauri, da silifas ɗin roba, dutse a kafaɗa ɗaya, ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a gangare. Mace mai jikoki! Masu shayi a bakin hanya suka riƙa ajiye kofi suna kallon ikon Allah.

Ciwon ya fara ne kamar tsami a gefen kwatangwalonta na hagu. Ta ce gajiya ce. Bayan 'yan kwanaki ya zama in ta kwanta ta wannan gefen sai ta farka, in za ta tashi daga kujera 'yar tsugunno sai ta dafa bango. A waje tana miƙe ƙafa tana tafiya kamar ba komai, sai ta shigo zaure take sakin ɗingishinta. To amma wa zai ɓoye wa Saude abu a cikin gidanta? Ita da take neman ɗan dutsenta tun makon jiya.

"Ga ɓarawon dutse, ga kuma hukuncinsa," in ji Saude, ranar da ta same ta a ƙofar ɗaki ta kasa ɗaga ƙafa ta haye dokin ƙofa. Ta dafa ruwa ta gasa mata wurin, ta shafa man kaɗe, tana yi tana faɗa. "Ke da aka ce ki nemo lafiya, sai ki je ki zubar da 'yar wadda kike da ita?"

"Kada ki gaya wa yaran nan, Yaya Saude. In Japheth ya ji, gona ta tafi."

"In ƙafa ta tafi, da me za ki je gonar?"

Saude ba ta yi alkawari ba, kuma tana wanke hannu ta kira Deborah.

Deborah ta iso ana gobe Ista, a motar haya, ta hanyar da ta ratsa daji tun daga Kaduna. Ta sa uwar ta kwanta, ta danna nan ta danna can, ta ɗaga ƙafar ta juya ta. Da ta danna ƙashin da ya fito a gefen kwatangwalo, Lydia ta ciji leɓe. Deborah ta ce a ganinta ba karaya ba ce, naman wurin ne da jijiyoyinsa suka kumbura saboda wahala, amma in an huta bai sauka ba, dole a je asibiti a ɗauki hoto. Da aka nuna mata dutsen da silifas ɗin, aka kuma kwatanta mata gangaren bakin titi, sai ta riƙe baki.

"Mama, wa ya ce ki yi gudu? Wa ya ce ki ɗauki dutse?"

"Agogonki ne ya ce. Kullum rage mini yake yi. Da ina samun mai yawa, yanzu ko na mutu a hanya ba ya ba ni." Ta kamo hannun 'yarta. "Ƙarfina ne ya ƙare, Deborah. Gaya mini gaskiya."

Deborah ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tsaya, ta dubi nata hannun. Ita ma tana da irin agogon, kuma da ya ga zuciyarta na gudu yakan ɗauka motsa jiki ta fara. Ta danna, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kunya, ta miƙa wa uwar hannunta.

"Karanta wannan, Mama."

Lydia ta karanta. Lambar ta fi duk wadda ta taɓa samu.

"Gudu kika yi daga Kaduna?"

"A zaune nake. Gaban mota ma aka ba ni, ko ƙafa ban motsa ba. Amma tunda muka shiga dajin nan nake kallon bakin hanya, duk kututturen da na hango sai in ga kamar mutum ne a tsugune. Zuciyata ba ta zauna ba sai da na ga gidajen gari." Ta sauke hannun. "Abin nan ba ya ganin tuwo, Mama, ba ya ganin ƙafa. Zuciya kawai yake ji, sai ya yi kirdado. In ta yi sauri ya ce aiki ake yi. Bai san bambancin mai noma da mai jin tsoro ba. Ko likitoci ba sa ɗaukar lambar nan da muhimmanci sosai. Laifina ne da ban gaya miki ba."

Lydia ta zuba wa rufin ɗaki ido. Gadar ce ta zo mata, da bushewar bakin nan na ranar farko, da yadda take taɓa ƙarfe ta juyo ba waiwaye. Sai kuma ta tuna zamanta a kan gadar tana hira da mai nono. Ashe babbar lambar da ta sayi waina a kanta, tsoronta ne agogo ya auna ya miƙo mata, ita kuma ta karɓa tana godiya. Ashe kuma abin da ya yi ta raguwa kullum, har ta ɗauko dutse don ta dawo da shi, ba ƙarfinta ba ne.

"To in zuciyar ta daina saurin fa?" ta tambaya a hankali.

"Ko dai jiki ya saba da aikin ya yi ƙarfi, ko hankali ya kwanta. Ko duka biyun."

Lydia ta juya fuskarta bango don kada su ga idonta. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun Maikuɗi na da rai.

Sai dai daɗi ba ya warkar da kwatangwalo. Da Japheth ya ji labari a waya, ya ce magana ta ƙare, macen da ta kasa haye dokin ƙofa ba za ta je gona ba. Deborah ta ce alkawari faɗuwar ruwa aka yi, kuma ruwa bai faɗi ba. Ta kafa wa uwar doka: ba dutse, ba ƙwarya, ba gudu, a huta sai zafin ya sauka, sa'an nan a fara tafiya kaɗan-kaɗan a ƙasa mai shimfiɗe, da takalmi mai igiya da ta sayo mata. Ta koya mata yadda za ta kwanta ta riƙa ɗaga ƙafa don naman wurin ya yi ƙwari. A duk wahalar da Lydia ta sha a duniya, zaman nan ya fi ba ta haushi. Tana kwance tana ɗaga ƙafa sama kamar jaririya, Saude na leƙowa tana tambaya ko a zo a goya ta. Amma ta yi, ba ta tsallake ko ɗaya ba, tana yi tana jin ƙamshin hadari ta taga.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba da rana. Ranar Asabar Japheth ya iso, da niyyar ya je ya nuna wa Bature iyakar gona. Ya tarar da uwarsa a zaure ta ɗaure takalmi, buhun irin doya a gefenta.

"Mama, ƙafar fa?"

"Tana nan. Ba ta gama warkewa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Mu je ka gani da idonka. In na kasa, ka ba Bature, ba zan ce uffan ba."

Mota ta sauke su a mararrabar ƙauye, sauran tafiyar ta ƙafa ce ta cikin itatuwa. Japheth ya sunkuci buhun zai ɗora a ka, uwar ta galla masa harara.

"Zaman Kaduna ya mantar da kai gidanku? Sauke shi kafaɗa."

Ya sauke. Suka kama hanya, ita a gaba. Tana tafiya a hankali, da ɗan ɗingishi da ba ta ɓoye ba, in ta ji wurin ya motsa sai ta tsaya ta huta ba kunya. Ƙasa ta jiƙe, tana ƙamshi. Tana nuna masa abubuwa da baki, ga inda rumbun wane yake da, ga kaɗanyar da ya faɗo daga kanta yana yaro. Japheth kuwa hankalinsa na wani wuri. Idonsa na kan duhuwar itatuwa, ko kadangare ya motsa ganye sai ya waiga. Ƙato ne mai ƙarfi, buhun ba komai ba ne a wurinsa, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf, tana jin numfashinsa a bayanta. Ta gane abin da ke damunsa, ta kuma gane cewa tun farko ba ƙafarta yake ji wa tsoro ba. Ba ta tsokane shi ba.

"Haka nake yi da farko," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Sai ka yi ta zuwa. Yana raguwa."

Gonar ta zama saura, ciyawa har ƙugu, amma ɗorawar Maikuɗi na tsaye a tsakiya inda ya bar ta. Daga can nesa ana jin sarar fartanya, wasu sun riga su dawowa. Lydia ta ratsa ciyawar har gindin itacen, ta dafa shi, ta daɗe a haka. Sa'an nan ta duba agogo, ta ce Japheth ya kira mata Deborah.

"Mun iso," ta ce. "Tsaya in karanta miki."

Ta karanta lambar a hankali, da muryar nan ta mai kiran sunan wanda ya zo na ɗaya. 'Yar ƙarama ce, ko ta hanyar kasuwa ta fi ta. Ta ratso dajin da ya kore ta, da ƙafarta, zuciyarta ba ta ko ɗaga ba.

Jan hancin Deborah ake ji ta wayar. Japheth ya dubi uwarsa, ya dubi hanyar da suka fito. Ya sauke buhun a gindin ɗorawa, ya kwance bakinsa, ya tambaye ta ta wane gefe Baba yake fara tara ƙasar doya.

Ta nuna masa gabas, inda ƙasar ta fi baƙi. Ta ce in Bature ya zo a gaya masa ya taho da fartanyarsa, akwai aikin gayya, kuma ita za ta yi tuwon.